Ɓerayen furojet da kwalbar ruwan da ta bushe

Jiya ƙanwata ta kira ni wai in turo mata kuɗin ɓera, furojet, wato binciken kammala karatu, ya taso, kowa a gurup ɗinsu zai kawo nasa kason. Na tura mata, amma wallahi tun lokacin abin yake ta yi min yawo a rai, don ni ma na yi wannan aikin a shekarata ta ƙarshe kuma akwai abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Mu ɓeraye talatin muka saya, fararen nan masu jan ido. Aka yi musu allurar alloxan, maganin da ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a jiki, wato da gangan muka sa musu ciwon suga. Bayan kwana uku sai ka ɗan tsaga bakin wutsiya ka ɗiga jinin a na'ura ka ga suga ya hau, daga nan kullum a riƙe ɓera ta ƙeya a ɗura masa ruwan ganye da sirinji don a ga ko zai sauke sugan. Duk wanda ya yi jinyar mai suga ya san yadda ƙishirwa ke damunsa, to haka su ma, sha suke kamar me, fitsari kuma ba a magana, garin katakon da ke kejin kullum a jiƙe. Ran wata Juma'a kowa ya ɗauka wani zai zo ran Asabar, ba wanda ya zo, mai makullin ma ya yi tafiya. Ran Litinin muka buɗe ɗakin, kwalaben ruwa ƙaf sun bushe, huɗu sun mutu, sauran sun cure a lungu ɗaya ko motsin kirki ba sa yi. Kun san abin da ya dame mu a lokacin? Lissafinmu ya lalace. Shi ke nan fa.

Kar wani ya ce ina cewa a daina gwaji a kan dabbobi, ni ba na cikin masu wannan ra'ayin. Insulin ɗin da iyayenmu ke yi wa kansu allura, a jikin karnuka Banting da Best suka gwada shi a Toronto a 1921. Thalidomide kuwa da aka riƙa ba masu ciki a Jamus da wasu ƙasashe daga 1957 ba tare da an gwada shi yadda ya kamata a kan dabbobi masu ciki ba, jarirai sama da 10,000 aka haifa da nakasa, wasu ba hannu wasu ba ƙafa. Ko nan gida, maganin saran macijin nan gobe-da-nisa da ya ceci manoma a Kaltungo, daga jinin tumaki da dawakai aka samo shi. Mu da muka ga abin da gwajin maganin Trovan ya yi wa yara a Kano a 1996 ai ba mu ne za mu ce a fara da mutum ba.

Abin da nake ƙi shi ne ɓarnar rai a banza. Ganyen da muka gwada ɗin nan, ajin da ya gabace mu sun gwada shi, na gabansu ma haka, sakamakon yana can cikin kabad ƙura ta rufe shi, ko malamin da ya duba mu ban jin ya sake buɗewa. To don Allah ran ɓeraye talatin ɗin nan me ya saya? Maki. Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka kawo ƙa'ida mai sauƙi, in akwai wata hanya kar a taɓa dabba, in ba makawa a rage yawansu, wanda aka taɓa kuma a sauƙaƙa masa azaba. Mun haddace wannan don jarrabawa, a ɗakin ɓeraye kuma ba wanda ya taɓa tambayar mu.

Ba kuma wai Turawa sun fi mu tausayi ba ne. A Amurka dokar kare dabbobi ta 1966 ba ta ma lissafa ɓerayen gwaji a cikin waɗanda take karewa, alhali su ne mafi yawa a lab. A 2022 karnuka kusan 4,000 aka kwashe daga gidan kiwon kamfanin Envigo a jihar Bajiniya saboda halin da aka same su, daga baya aka ci kamfanin tarar sama da dala miliyan 35. Bambancin kawai can akwai mai zuwa dubawa. Tarayyar Turai ma tun 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba, kuma ni a nan na yarda da su ɗari bisa ɗari, a ƙona idon zomo saboda jan baki ai rashin imani ne.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne mu ba ma buƙatar kowa ya koya mana wannan. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba. Ran layya kowa ya san a wasa wuƙa, kar a yanka rago a gaban ɗan'uwansa. Amma da an ce ɓera sai a yi dariya, wai abin da ake kashewa da takalmi a ɗaki. E, na ɗaki ɓarawo ne ya shigo da ƙafarsa, wannan kuwa kai ka saye shi, ka kulle shi, ka sa masa cuta da hannunka.

Na sake kiran ƙanwar tawa da daddare na tambaye ta wa zai riƙe makullin ɗakin ran Asabar da Lahadi. Ta yi shiru, ta ce ba su yi wannan maganar ba tukuna. Na ce to ku yi ta kafin ku sayo su, in kuma kwalaben ruwa ba su isa ba ki faɗa min in ƙaro kuɗi.