Alhaji, jikin yaronka amana ne a hannunka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwana mazauna Legas, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa har suka ajiye yara a ƙarƙashinsu, da ku nake yau, kuma da kaina nake farawa, don ni ma ina da yara uku a shago.

Jiya bayan la'asar na je dubiya wani asibiti a nan Agege. Yaron da na je dubawa ɗan garinmu ne, bai fi shekara ashirin ba, yana aiki a wurin wani mai sayen ƙarafan bola. Kwana goma sha biyu da suka wuce suna loda mota, wani tsohon kwano ya tsarge masa tafin hannu. Ba safar hannu, ƙafarsa kuma silifas ne. Aka yago tsumma, aka shafa masa baƙin mai, aka ɗaure, aka ce ya daure a gama tunda direba na jira. Ya daure. Bayan mako guda ya fara cewa muƙamuƙinsa na yi masa nauyi, aka ce sanyi ne, aka saya masa farasitamol. Jiya da na gan shi haƙoransa a datse suke, wuyansa ya sandare, an rufe tagogin ɗakin an rage haske, domin ƙarar buga ƙofa kaɗai tana sa jikinsa ya ɗau jijjiga. Ya gane ni, ya so ya gaishe ni, bakin ya ƙi buɗuwa, sai hawaye. Tetanus ce. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da datti, ta rauni take shiga, kuma tana da allurar rigakafi. Da an wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, an kai shi asibiti a ranar, da wuya a kai nan.

Maigidansa ya aiko da naira dubu goma da saƙon cewa Allah ya sawwaƙe, ƙaddara ce. Na san mutumin, kuma wallahi ba mugu ba ne. Yana ciyarwa da azumi, ba ya wasa da jam'i, in an zo neman taimakon masallaci ba ya ɓuya. Abin da ya hana ni barci ke nan. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa jin cewa hannun yaron nan yana cikin abin da Allah zai tambaye shi ba. A ganinsa tunda yana biya kullum da yamma, magana ta ƙare. Da yawanmu haka muke gani.

Kusan kowa ya haddace hadisin nan na Ibn Majah, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mun riƙe shi, madalla. Amma akwai wanda ke cikin Bukhari da Muslim, na Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, wanda ba mu cika karanta wa juna ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, Allah ne ya sanya su a ƙarƙashin hannunku. Wanda ɗan'uwansa ke ƙarƙashinsa, ya ciyar da shi daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa kun ɗora musu to ku taimake su. A kan bayi aka faɗi wannan. To ina ga ɗa mai 'yanci, wanda uwarsa ta sallame shi daga Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi da addu'a, ya hau bayan tirela kwana biyu ya zo neman halal? Ko surukin Annabi Musa, alaihis salam, da zai ɗauke shi aikin shekara takwas, a cikin sharaɗin ya faɗa masa, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas aya ta 27, cewa ba ya nufin ya tsananta masa.

Lebura ba shi da jari sai jikinsa. Kai in kwandon tumatir ya ruɓe maka a kasuwar Mile 12, gobe wata mota za ta sauka ka mayar. Shi ɗan dakon da ke ɗaukar buhun albasa tun asuba, in ƙashin bayansa ya taɓu ko ƙaba ta sauko masa, jarinsa ne ya karye gaba ɗaya, tare da abincin mutanen da ke jiran saƙonsa a gida. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu yaran tiramol suke haɗiya don su iya kai wa yamma. Muna gani, muna kau da kai, tunda aiki na tafiya. Kura ko baro nawa ne? Nawa ne a ce mutum biyu su kama buhu maimakon ɗaya?

Sai batun masu gadi, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mun saba kuka da yadda wasu masu gidaje a Lekki da Ikoyi da Magodo ke riƙe 'yan'uwanmu, kuma kukan yana kan hanya. Amma mu ma yanzu muna da gidaje da sito da gareji, muna da masu gadi. Ka taɓa shiga ɗakin mai gadinka ka zauna minti goma? Na shiga wani a cikin damina. Faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, taga ɗaya ce, kuma bakin salansar janareta yana kallon tagar. Bango ya yi baƙi. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ɗora katifarsa kan buloli huɗu. Ba gidan sauro. Dattijon ya ce mini kullum da ciwon kai yake tashi, yana zaton hawan jini ne. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Mutum yakan kwanta lafiya a wayi gari babu shi, kuma a garin nan an sha jin iyali guda sun tafi a dare ɗaya ta wannan hanya. Matsar da injin nesa da tagar aikin yini ɗaya ne. Wannan mutum shi ke gadi da dare, shi ke buɗe ƙofa da rana, shi ke wanke mota, shi ake aika kasuwa. Yaushe yake barci?

Masu tanka da tirela, ku kun fi ni sanin abin da ke faruwa. Direba ya kwana huɗu a layi a Apapa, ya samu lodi, sai waya ta fara ƙara: ina kake, yaushe za ka shiga Kano? Ya ce birki na wasa, taya ta suɗe, a ce ya lallaɓa in ya dawo a duba. Ba mu manta da tankar da ta kama da wuta a gadar Otedola a Yunin 2018 ba, motoci sama da 50 suka ƙone, aka rasa rayuka. Ba mu manta da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ba, sama da mutum 40 suka rasu, da yawansu masu aikin yini ne da suka fito neman na abinci.

Hajiya, ke ma ban tsallake ki ba. Yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye, wadda ke riga kowa tashi kuma ta bi bayan kowa kwanciya, hannunta ya tsattsage da sabulun wanki. In zazzaɓi ya kama ɗanki asibiti ake zuwa, in ita ce sai a ce ta sha magani ta tashi. Annabi ya ce in mai hidima ya kawo wa ɗayanku abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafinsa da wahalarsa. Zagi da gori ma ciwo ne, ko da ba ya fitar da jini. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba.

Mu koma kan kalmar nan ta ƙaddara, don ita muke fakewa da ita. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, babu shakka. Amma da wani ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kai da ke faɗin ƙaddara, kana sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, kana ƙirga kaya safe da yamma. Ba ka bar dukiyarka ga ƙaddara ba, don me za ka bar mata hannun ɗan mutane? Haƙuri da ƙaddara maganar wanda abin ya sama ce. Wanda ya yi sakaci, nasa tuba ne da biyan abin da ya ɓata.

Ko hukuma ba ta bar abin haka ba. Tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata a Najeriya, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, daga aljihunsa, ba daga albashin yaro ba, don in an ji rauni ko an rasu a bakin aiki a samu abin biya. Jihar Legas tana da inshorar lafiya ta Ilera Eko da za ka iya sa yaranka a ciki. Na san galibin harkokinmu ba takarda, da baki ake ƙullawa, kuma ba jami'in da zai zo ya leƙa. Amma a hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah ya ce mutum uku Shi da kansa ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, bai ba shi ladansa ba. Masu riƙe kuɗin yara da sunan ajiya, sai ranar tafiya gida a fara musu a kan lissafi, su ji wannan da kyau.

Ni dai daga asibitin shago na wuce. Na tarar da ƙaramin yarona yana sauke galan-galan na manja da yankakken yatsa ɗaure da leda, tun shekaranjiya, ban ma lura ba. Na kai shi an wanke an yi masa allura. Yau na sayo safar hannu da takalman roba, da ɗan akwati mai auduga da bandeji da aidin, na kuma ce ranar Juma'a kowa ya huta daga sha biyu zuwa la'asar. Duka kuɗin bai kai na shaddar da na ɗinka da Sallah ba.

Shi kuma yaron da ke kwance, an kira mahaifinsa, yana hanya, muna sa ran isowarsa gobe. Da daddare ni da dattawa biyu za mu je wurin maigidan nasa mu zauna da shi a kan kuɗin magani. Ku sa yaron a addu'a, Allah ya tashi kafaɗunsa.