Malam Marowaci Ya Koma Garin Araha

(Dare ne. Malam Marowaci yana zaune da littafin lissafinsa, ya kashe fitilun gidan duka ya bar guda ɗaya, ita ma ya matso ƙarƙashinta don kada haskenta ya tafi a banza.)

MAROWACI: Uwargida, ki fara ɗaure kaya, domin zamanmu a wannan babban birni na bakin teku ya ƙare. Masana harkar gidaje sun ce bai kamata haya ta ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu ba, amma ni rabin albashina nake miƙawa a kan ɗakuna biyu waɗanda idan na yi miƙa a ɗaya sai hannuna ya leƙa ɗayan.

UWARGIDA: To, Malam, ina muka nufa?

MAROWACI: Wani birni matsakaici ne can cikin ƙasa, wanda bai yi girman da zai haɗiye mutum ba, bai kuma yi ƙanƙantar da za a kira shi ƙauye ba. Na rubuta hayar nan, na rubuta hayar can, na ɗebe wannan daga waccan, kuma abin da ya rage ya sa hawaye suka zubo mini.

UWARGIDA: Na ga shafin abin da za mu kashe. Ina shafin abin da za ka riƙa samu a can?

MAROWACI: Ban buɗe masa shafi ba, saboda takarda ma da kuɗi ake sayenta.

(Malam Masani ya yi sallama ya shigo. Shi ne maƙwabcin da ba a taɓa yi masa tambaya ba, kuma bai taɓa fasa ba da amsa ba.)

MASANI: Na ji komai ta bango, kuma wajibi ne in yi muku bayani. Ba ku kuka fara juya wa teku baya ba. Ƙasar Brazil ta ɗauke babban birninta daga Rio de Janeiro ta kai shi Brasilia a shekarar 1960, Turkiyya kuma ta zaɓi Ankara a 1923 ta bar Istanbul. Tun daga 2020 da annobar korona ta koya wa ma'aikata yin aiki daga gida, mutane da dama suka gane cewa kwamfuta ba ta damu da garin da aka kunna ta ba. Kai, a Amurka ma akwai birnin Tulsa, inda tun 2018 ake ba ma'aikacin intanet dala 10,000 idan ya yarda ya ƙaura can ya zauna shekara guda.

MAROWACI: Maimaita wannan ta ƙarshen, Malam Masani, kuma ka faɗe ta a hankali.

MASANI: Sai dai ka sani, ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi yana kuma jinkirin sakinsa, shi ya sa teku yake sassauta wa maƙwabtansa yanayi. Wanda ya yi nisa da shi zai sha zafin da ya fi na nan da rana, ya sha sanyin da ya fi na nan da dare. Sannan kusan kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta jirgin ruwa suke tafiya, saboda haka duk abin da aka sauke a tashar ruwa sai ya hau mota kafin ya iske ka, kuma kuɗin motar a aljihunka zai sauka.

MAROWACI: Ni dai dala 10,000 na ji, sauran kuma iska ta ɗauke.

(Bayan mako uku, a sabon gari. Dillali yana gaba da tarin makullai, Malam Marowaci da Uwargida suna biye.)

DILLALI: Ranka ya daɗe, ga gidan da Allah ya ajiye maka. Ɗakuna huɗu ne da fili a baya, kuma hayarsa ba ta kai rabin abin da kake biya a can ba. Yana kusa da komai.

UWARGIDA: Da muka taho ban ga asibiti ba, ban kuma ga makaranta ba. Da me yake kusa?

DILLALI: Hajiya, a garin nan ba a auna nisa da ƙafa, da mota ake aunawa. Ga mai mota, komai minti goma ne.

UWARGIDA: Ga marar mota fa?

DILLALI: Akwai bas, Hajiya, kuma bas ce mai cika alkawari. Tana zuwa sau ɗaya a kowace awa, idan ta wuce ka kuma sai ka sami lokacin yin tunani a kan rayuwarka, wanda mutanen babban birni ba sa samu.

MAROWACI: Ba zan sayi mota ba. Na zo garin nan ne don in tara, ban zo don in zubar ba. Ina filin jirgin sama?

DILLALI: Muna da shi, kuma ba a taɓa yin layi a cikinsa ba. Duk inda kake son zuwa a duniya zai kai ka, da sharaɗin ka fara komawa birnin da ka baro ka canja jirgi.

(Malam Marowaci bai ji wannan ba, domin yana tsakar ɗaki na huɗu ya buɗe hannuwansa biyu yana juyawa, yana mamakin yadda bai taɓa bango ba.)

MAROWACI: Kawo takardar in sa hannu, amma da alƙalaminka.

(Bayan wata shida. Malam Marowaci yana zaune lulluɓe da barguna biyu, littafin lissafi a cinyarsa, makullin mota rataye a wuyansa.)

MAROWACI: Uwargida, an cuce ni. Da na nemi wurin aikinmu su mayar da ni reshensu na nan, sai suka ce albashi yana bin tsadar garin da ma'aikaci yake zaune, suka yanke mini kashi ɗaya cikin huɗu. Na ce musu ai aikin bai ragu ba, suka ce haya ta ragu. Ashe su ma suna da littafin lissafi, kuma nasu shafi biyu gare shi.

UWARGIDA: Ai na tambaye ka shafin nan tun muna can.

MAROWACI: Ga motar da na rantse ba zan saya ba, tana shan mai kamar da gayya. Ga na'urar sanyaya ɗaki da muka saya a watan zafi, ga na'urar ɗumama ɗaki da muka saya bayan wata huɗu, suna zaune gefe da gefe kamar kishiyoyi, kowace tana jiran kwananta. Da haƙorina ya matsa mini kuwa, likitan da ya ƙware a kansa guda ɗaya ne a garin, kuma ya ce in dawo bayan mako biyar.

UWARGIDA: Duk da haka, Malam, kada ka yi wa garin nan butulci. Ƙofar ƙarfenmu ba ta yi tsatsa ba tunda babu iskar gishiri, shanya tana bushewa kafin in juya baya, yara suna da filin wasa, kuma da dare ina jin barcina ba ƙarar motoci. Ƙorafina ɗaya ne tak. A can cunkoson hanya yana riƙe mini kai awa biyu da safe, awa biyu da yamma. A nan minti goma sha biyu ka iso gida, ka zauna kana ƙirga mini tsinken ashana.

MAROWACI: Jiya arba'in da ɗaya ne, yau talatin da takwas.

(Ƙofar ɗaki na huɗu ta buɗe. Malam Masani ya fito yana hamma, sanye da silifas ɗin mai gidan.)

MASANI: Wajibi ne in yi muku bayani a kan ashana.

MAROWACI: Malam Masani, kwana uku ka ce za ka yi, yau ga shi wata biyu.

MASANI: Kai ne ka aiko mini da hoton ɗakin, ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa babu kowa a ciki. A ilimin tattalin arziki, duk inda aka sami wuri a buɗe, buƙata tana zuwa ta cike shi. Ni ne buƙatar.

(Dillali ya yi sallama, yana murmushin da bai kai ido ba, riƙe da takarda.)

DILLALI: Ranka ya daɗe, mai gida yana gaisuwa, ya kuma ce in sanar da kai cewa daga sabuwar shekara haya za ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku.

MAROWACI: A kan wane dalili? An ƙara wa gidan ɗaki ne, ko an jawo teku kusa?

DILLALI: Baƙi ne suka yi yawa, ranka ya daɗe. Gidajen garin nan ba su ƙaru ba, amma masu nema sun ninka, kuma duk wanda ya sauka daga mota sai ya ce wani bawan Allah ne yake rubutawa a Facebook kullum cewa duk mai biyan haya a bakin teku ba ya son kuɗinsa. Har hoton gidan nan suke nuna mini, da kai a tsakar ɗaki ka buɗe hannuwa.

UWARGIDA: Malam, ashe akwai abin da kake bayarwa kyauta.

MAROWACI: (Ya yi shiru, ya buɗe sabon shafi.) Dillali, gaba da nan, can ciki sosai, babu wani garin da ya fi wannan ƙanƙanta?

DILLALI: Akwai, tafiyar awa huɗu ce, kuma ƙanena ne dillali a can. Ba su da filin jirgin sama, saboda haka babu abin da zai dame ka.

UWARGIDA: Ka gaishe su idan ka isa, Malam. Ni da yara mun zauna, kuma ka bar mana makullin motar.

MASANI: Ni zan raka ka, amma ka tabbatar gidan yana da ɗaki na huɗu.