Tagogin da ba su yi wa yaƙi kwalliya ba

A cocin ƙauyukan Ingila da dama za ka tarar da taga mai gilashi kala-kala, a ƙasanta an rubuta sunan wani saurayi da shekarar rasuwarsa, galibi tsakanin 1914 da 1918. Dalili kuwa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta hana a dawo da gawarwakin sojojinta gida. Inda mutum ya faɗi nan ake binne shi, in ma an ga gawar. Ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, da aka fara gumurzun Som a Faransa, sojojinta fiye da 19,000 suka mutu. Uwa ba ta da kabarin da za ta je, sai dai ran Lahadi ta zauna ƙarƙashin tagar ɗanta.

Wannan kam abin tausayi ne. Inda nake da ja shi ne zanen. Yaron da igwa ta yi kaca-kaca da shi cikin taɓo, sai ka ga an wakilta shi da jarumi cikin sulke mai ƙyalli, riƙe da takobi, irin Waliyyi Joj ko Mala'ika Mika'ilu. Irin wannan kwalliya ke sa 'yan baya su ɗauka yaƙi abin ado ne. Ga kuma batun kuɗi: taga guda ta mutum ɗaya sai ɗan masu hali, ɗan manomi kuwa sai dai a rubuta sunansa layi ɗaya a jikin dutsen tunawa. Sojojinmu na Najeriya da suka mutu a Gabashin Afirka, da yawansu ko layin ba su samu ba, hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ma ta amsa laifin irin wannan wariya a 2021.

Shi ya sa tagogin cocin Swaffham Prior, kusa da Kambirij, suka burge ni. Bayan yaƙin, attajirin ƙauyen C. P. Allix ya sa aka zana tankar yaƙi, da jirgin ƙarƙashin ruwa, da Zefelin, wato ƙaton balan-balan ɗin Jamus mai jefa bama-bamai, har da mata a masana'anta suna haɗa harsasan igwa, da ayoyin Littafi Mai Tsarki a ƙasa. Wani zai ce me ya kawo makami ɗakin ibada? To ai shi ya kashe yaran da ake yi wa addu'ar, kuma mutanen gida ne suka ƙera irinsa.