Kifin roba na teku yana kamu a Tiga

Masu sha'awar fatsa da dama a Kano kan mayar da kifin roba, wato ɗan kifin ƙarya mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi, idan suka ga an rubuta a kwalinsa cewa na ruwan gishiri ne, wai ba zai yi kamu a dam ba. Ba haka ba ne. Kifi mai farauta, irin giwan ruwa da ake samu a dam ɗin Tiga, motsi yake bi da walƙiya da girman abin. Da ya ga ɗan kifi yana tangaɗi kamar mai rauni, sai ya kai masa cafka. Haka masu fatsa a Amurka ke kama wani kifi mai farauta da ake kira bass a tafkuna da kifin roba na teku.

Bambancin yana jikin ƙarfe ne. Ana yi wa na teku ƙugiya mai kauri da ke jure tsatsa, don gishiri na cin ƙarfe. A wurinmu wannan riba ce ma, domin babban giwan ruwa kan miƙar da siririyar ƙugiya.

Sai dai a lura da nauyi. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, shi ya sa ya fi ɗaga abu. Kifin robar da aka yi don ya tsaya a tsakiyar ruwan teku zai iya nutsewa a hankali a dam, ya maƙale a kututturan da ruwa ya shanye. Sai a riƙa jansa da ɗan sauri.

Tarwaɗa kuwa da ƙamshi ta fi aiki, a ba ta tana ko hanjin kaza. Karfasa bakinta ya yi wa babban kifin roba ƙanƙanta.