Takardar CAP ba ta ba ka izinin raina mutane ba

Ƴan uwana matasan Tawa, musamman ku da kuka fito daga CFM da CET da sauran makarantun koyon sana'a, akwai wani hali da ke yaɗuwa a cikinku wanda ya kai ni maƙura. Yaro ya yi ƴan shekaru a lakkwal, ya samo takardar shaidar koyon sana'a ta CAP ko BEP, sai ya dawo wurin aiki yana kallon kowa a matsayin jahili.

Ranar Asabar a wani gareji na ga saurayi ya jona na'urar nan mai karanta laifin injin, ya juya ga tsohon da ya fara koya masa kwance taya, ya ce masa a gaban mai mota: "Baba, matsa can, wannan ba aikin kunne ba ne." Haba! Mutumin da tun ba a haife ka ba yake gane ciwon mota daga ƙararta?

Babu mai musun amfanin karatun. Motocin yanzu da kwamfuta suke tafiya. Tun 2018 ga tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza, ga famfunan sola suna shiga garakan albasa, duk suna neman hannun da ya san waya da lissafi. Don haka ne FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ke biyan kuɗi ma'aikata da yaran shago su ƙaro horo, domin ilimin ya dawo shago kowa ya samu. Ku kuwa kun mayar da shi rawani, alhali girman kai rawanin tsiya ne.

An tura ka horon haɗa sola, ka dawo ka ɓoye abin da ka koya kamar asirin kakanka. Ƙaramin yaro ya tambaye ka me ya sa batir ke mutuwa da wuri, ka daka masa tsawa. Shekara guda yana ƙarƙashinka, abin da ya iya kawai sayo gawayin shayi da wanke maka babur. Ya yi kuskure, ka zage shi har uwa a gaban baƙi. Ka shigo da safe ko sallama babu, kunne toshe da waya. Wasu ma, Allah ya shirya, tramol ke riƙe da su, albashin kuma caca ta cinye kafin tsakiyar wata, amma su ne masu ɗaga hanci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Ku sassauta, don Allah. Ku koyar, ku girmama na gaba.

Iyayenmu maƙera da magina da teloli ba su da takarda ko ɗaya, amma a kwano guda suke cin tuwo da yaransu. Yaro bai zo aiki ba, da yamma maigida na ƙofar gidansu yana tambayar lafiya. Ranar yaye shi a haɗa masa kayan aiki, a sa masa albarka, wani ma har aure maigidansa ke yi masa. Yau yaro sai ya kwana uku zazzaɓi na cin sa babu wanda ya leƙa shi, in ya dawo kuma a zaftare masa kuɗin kwanakin.