Ranar da Snoke ya ci amanata

'Yan zaurenmu na WhatsApp sun san maganar, ba sai na ja ta ba. Tun da fim ɗin Star Wars mai suna The Force Awakens ya fito a Disambar 2015 na kafe cewa Snoke, shugaban miyagun fim ɗin, ba kowa ba ne illa Darth Plagueis, wanda Palpatine, babban mugun tsofaffin finafinan, ya ba matashin jarumi Anakin labarinsa a fim ɗin 2005, mai sirrin hana mutuwa, da almajirinsa ya kashe shi yana barci. Hujjata tabon fuskar nan, da tsufan, da kiɗan da ake sa masa. Saƙon murya na yi na minti 14. Na rufe da cewa in ba haka ba ne, a aske mini gemu. Shekara biyu cur ina cika baki.

Sai ga Disambar 2017, muka ɗunguma silima kallon ci gaban fim ɗin, The Last Jedi, mu shida.

An zo wurin nan na jan ɗaki. Snoke na kan karaga cikin rigarsa ta zinariya, jarumar fim ɗin Rey a durƙushe, yaronsa Kylo Ren a tsaye a kanta. Tsohon ya lumshe ido yana ta fankama, wai ba mai iya cin amanarsa, wai yana ganin duk abin da ke zuciyar yaronsa. Ni kuwa jikina har rawa yake. Na ce a raina, yau ranata ce. Ban san sanda na ɗaga rabin jikina daga kujera ba, na damƙe hannun na kusa da ni, na ce da ƙarfi, "Ku yi shiru! Yanzu zai faɗi sunansa na gaskiya!"

Ban rufe baki ba takobin hasken da ke ajiye a gefen karagar ya juya, ya kunnu, ya ratsa shi ta ƙugu, aikin Kylo ne.

Silima ta yi tsit. Ni ina nan a rabin tsaye, bakina a buɗe. Na ce, wannan karon da 'yar ƙaramar murya, "Ai zai tashi, shi ne fa mai hana mutuwa." Kamar jira yake in faɗa, rabinsa na sama ya silalo ya faɗi ƙasa, na ƙasan yana zaune abinsa. Can kuma aka nuno fuskarsa, harshe a waje. Harshe fa, jama'a. Mutumin da na kare shekara biyu.

A nan na waiwaya don in ga abokina, ashe ya canja kujera tun farkon fim. Hannun wani dattijo ne na riƙe, ya kawo 'yarsa kallo. Ya dube ni a natse ya ce, "Ɗana, sakar mini hannu. Mutumin naka ya rasu. Allah ya ba ka haƙuri."

Layinmu da na baya suka kwashe da dariya. Faɗan da aka yi da jajayen dogaran nan na Snoke, wanda kowa ke yabawa, ban gan shi ba sai daga baya, ƙasa nake kallo.

Amma duk wannan bai yi mini ciwo kamar na yaron nan ba, ƙanin wani mai gilashi a zaurenmu. Yaron da ko tsofaffin finafinan bai gama kalla ba, jarumi Obi-Wan ma rikita shi yake da malaminsa Qui-Gon. Muna tsaka da muhawara a 2016 a kan iyayen Rey, wasu na cewa 'yar Luke ce, jarumin tsofaffin finafinan, wasu jikar Obi-Wan, ya faɗo ya rubuta, "Yaya, ni dai ina ga jikar Palpatine ce." Na tambaye shi hujja, ya ce haka kawai ya ji. Haka kawai! Na ce masa Palpatine ya mutu tun fim ɗin 1983, an jefa shi rami kowa na kallo, na cire shi daga zauren na mako guda. Da Kylo ya ce iyayen Rey ba kowa ba ne, har na ɗan samu sauƙi, na ce aƙalla mun faɗi tare.

Sai 2019 The Rise of Skywalker ya zo: Palpatine na raye, Rey jikarsa ce, Snoke kuma shi ya ƙera shi, ga ma wasu irinsa nan a jiƙe cikin tanki. Yaron bai ce uffan ba, hoton saƙonsa na 2016 kawai ya turo, da layin da ke nuna na cire shi. Duk Disamba sai ya sake turowa. Kuma har gobe rikita Obi-Wan yake.

Gemun dai an aske shi, su biyar suka taru a kaina. Ya sake fitowa, sai dai gefen hagu bai cika ba. Ina da wani sabon hasashe mai ƙarfi sosai, amma an ƙwace shugabancin zauren daga hannuna, kuma yaron na ciki.