Manhajar Tsaro da Ba Ta Tsare Komai

Abin da ya fi ba ni haushi game da manhajar tsaron kwamfuta shi ne ba ta taɓa mantawa da ranar karɓar kuɗinta, amma ta kasa ganin ɓarawo a cikin gida. Kwamfutarmu ta yi nauyi, fankarta tana ƙara ko ba a buɗe komai ba, duk da haka manhajar tana nuna koriyar alama wai lafiya lau. Sai da 'yan uwa suka kira kan saƙon neman kuɗi daga asusuna, sannan na katse intanet, na sauya kalmomin sirri ta waya, domin mai kutse yana iya kwafe duk abin da aka buga a madannai. Mai gyara ya ce dole a goge komai, a sake ɗora Windows.